Mota Ɗaya, Kaya Uku: Rabon Uwar Kuɗi a Kasuwar Shasha

Tun kafin gari ya gama wayewa ake fara sauke lodi a Kasuwar Shasha da ke Ibadan, babban birnin Jihar Oyo, wanda Hausawa suka fi sani da Badun. Motar da ta taso daga Kwanar Gafan ta Jihar Kano, ta biyo ta Kaduna da Mokwa, ta haye gadar Jebba, ta ratsa Ilori da Ogbomosho da Oyo, ta yi tafiyar da ta doshi kilomita 1,000 ke nan, tumatirin da ke cikinta kuwa ya sha rana da girgiza da nauyin 'yan uwansa. A can inda aka yi lodi, kwando kwando ne, duk kuɗi ɗaya aka saye su. A nan kuwa, da zarar 'yan dako sun jera su a ƙasa an buɗe bakinsu, sai kaya ya rabu uku. Akwai mai kyau wanda ya iso da ƙarfinsa, akwai matsakaici wanda ya fara laushi, sa'an nan akwai fasasshe mai zubar da ruwa, wanda matan Yarabawa masu saye ke kira esha.

Kuɗi ɗaya aka kashe, kaya uku aka samu, kowane da farashinsa. To, nawa ne uwar kuɗin kowane daga cikinsu? Mai ganin wannan tambaya ta 'yan makaranta ce, bai taɓa zama wurin da abokan tarayya biyu ke rabon riba ba.

Kasuwar Shasha tana cikin Ƙaramar Hukumar Akinyele, a arewacin birnin, daf da hanyar da ta tafi Oyo, watau ita ce ƙofar da kayan gwari na Arewa ke fara shiga. Da ɗan rata tsakaninta da Sabo, tsohuwar unguwar Hausawa da aka kafa a 1916 kusa da Mokola, amma jama'ar guda ce, al'adar cinikin ma guda ce. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960, littafinsa kuma ya fito a 1969, ya bayyana yadda cinikin shanu daga Arewa da na goro zuwa Arewa suka dogara a kan masu gida da dillalansu, waɗanda ke saukar da baƙo, su ajiye masa kaya, su tsaya masa a kan bashi. Har yau sau da yawa mai kaya yana can Arewa, dillali yana nan, abin da ke tsakaninsu amana ce da lissafin da ake karantawa ta waya. Inda lissafi ya karkace, amanar ce ke fara jin jiki.

Masu ilmin lissafin kuɗin masana'antu sun daɗe da sanin wannan matsala. Duk abin da aka kashe kafin kaya ya rabu, kamar kuɗin saye da na lodi da na mota da harajin hanya da na sauke kaya, kuɗin tarayya ne, domin babu wanda zai iya nuna cewa wannan Naira ta mai kyau ce, waccan ta esha ce. Wurin da kaya ke rabuwa kowane ya kama gabansa, mu kira shi mararraba. Kayan da suka fito tare, kowane da daraja mai kauri, tagwaye ne. Wanda ya fito tare da su amma darajarsa ba ta taka kara ta karya ba, ɗan rakiya ne. Tun a 1848 John Stuart Mill na Ingila ya yi rubutu a kan haka, ya kawo misalin naman tunkiya da gashinta, da naman sa da ƙirginsa. Alfred Marshall ya ƙara a kai a 1890, inda ya lura cewa da Ingila ta buɗe ƙofa ga alkamar ƙasashen waje, alkamar ta riƙa zuwa ba tare da kararta ba, sai kara ta yi tsada, har manomin Ingila ya koma sa ido a kanta don fid da wani kaso mai yawa na kuɗinsa. Manomin wake da ya taɓa samun kuɗin harawa fiye da yadda ya zata ba ya bukatar a fassara masa wannan.

Bari mu ƙaddara lissafi, don a ga abin a fili. Alkaluman misali ne kurum, ba farashin wata rana ba. Mota ta ɗauko kwando 300, kuma daga saye har zuwa sauke kaya an kashe N6,000,000. Da aka tantance, an sami mai kyau kwando 180, aka sayar N30,000 kowane, ya tashi N5,400,000. Matsakaici kwando 80 a kan N20,000, ya tashi N1,600,000. Esha kwando 40 a kan N12,500, ya tashi N500,000. Ciniki duka N7,500,000, riba N1,500,000. Wannan riba ita ce abin da babu gardama a kansa. Gardamar tana wajen rarraba ta.

Hanyar da ta fi saurin zuwa zuciya ita ce ƙidayar kwanduna. A raba N6,000,000 gida 300, kowane kwando ya ɗauki N20,000. A bisa wannan, mai kyau ya ci N3,600,000 ya kawo ribar N1,800,000. Matsakaici ya ci N1,600,000, ya fita ba riba ba hasara. Esha ya ci N800,000 ya dawo da N500,000, watau hasarar N300,000. Lissafin yana da sauƙi, yaro ma zai iya yinsa a bayan kwalin ashana, kuma yana da amfani inda kayan suka yi kusan daidai a daraja. Amma a nan ya ɗora wa fasasshen tumatir nauyin da ba zai taɓa iya ɗauka ba, ya kuma nuna mai kyau kamar ya fi yadda yake albarka.

Hanya ta biyu ita ce a bi darajar ciniki a mararraba, kowane kaya ya ɗauki nauyi gwargwadon ƙarfinsa. An kashe N6,000,000 an samu N7,500,000, watau a kowace Naira ta ciniki kwabo 80 uwar kuɗi ce. Saboda haka mai kyau zai ɗauki N4,320,000, kwando ɗaya N24,000, ribarsa N1,080,000. Matsakaici zai ɗauki N1,280,000, kwando ɗaya N16,000, ribarsa N320,000. Esha zai ɗauki N400,000, kwando ɗaya N10,000, ribarsa N100,000. A tara su, N1,500,000 ɗin nan ce dai. Yawancin akantoci sun fi karkata ga wannan hanya, kuma a ganinmu ita ta fi kusa da adalci a irin wannan kasuwa, domin mai sayen lodi a Kwanar Gafan tun farko ya san ba duka zai iso lafiya ba, da wannan sanin ya yi tayi.

Hanya ta uku ita ce a ce esha ba tagwai ba ne, ɗan rakiya ne. Ba a ɗora masa uwar kuɗi, ba a kuma neman riba a kansa. Abin da ya kawo, N500,000, sai a zare shi daga N6,000,000, a bar N5,500,000 a raba wa sauran biyun gwargwadon cinikinsu: kimanin N4,243,000 ga mai kyau, kimanin N1,257,000 ga matsakaici.

Wannan hanya ta uku ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, ko da bai taɓa buɗe littafin akanta ba. Ita ce ta watanda. Mutum goma suka haɗa kai suka sayi sa a kan N700,000. Sau da yawa akan fara sayar da ƙirgi da kai da ƙafa, a ce sun kawo N100,000, a zare, sa'an nan a kasa nama kashi goma, kowa ya biya N60,000. Babu wanda ke tambayar ribar da aka ci a kan ƙirgi. Haka wasu mata masu matsar gyaɗa ke yi, su ce ƙuli-ƙuli ya fid da kuɗin gyaɗa, mai ya zama riba, maƙwabciyarsu kuma ta juya lissafin ta ce mai ne ya fid da jari. Dukansu sun yi daidai, domin kuɗin da ya shiga asusu ɗaya ne.

A nan ne gizo ke saƙa. Daga cikin hanyoyin nan uku babu wadda za a ce ita ce gaskiyar lamari. Yarjejeniya ce, ba awo ba. Duk wanda ya manta da haka, ya ɗauki adadin da aka raba ya yanke shawarar ciniki da shi, zai cuci kansa.

Ɗauki ɗan kasuwar da ya saba da ƙidayar kwanduna. An taya eshansa N12,500, shi kuwa a ransa kwandon ya tsaya masa N20,000, sai ya ƙi sallamawa, wai ba zai faɗi ba. Rana ta take, ƙuda ya taru, da la'asar an dawo ana taya shi N8,000, gobe kuma sai ya biya a kwashe masa zuwa juji. Hasarar da yake gudu a takarda take. Wadda ya jawo wa kansa kuwa a aljihu take. N6,000,000 ɗin nan ta riga ta tafi tun kafin mota ta shigo Oyo, sayarwa ko ƙin sayarwa ba zai dawo da kwabo daga cikinta ba. Abin dubawa a mararraba ɗaya ne: daga nan zuwa gaba, me zai shigo, me zai fita?

Haka kuma in ana shawarar ƙara gaba da kaya. A ce kwando 80 na matsakaici, maimakon a sallama su N20,000 a Shasha, a ɗauki ƙaramar mota a kai su wata kasuwa inda za su yi N24,000. Ƙarin ciniki N320,000 ke nan. In kuɗin mota da dako da la'adar can sun tsaya a N200,000, an ƙaru da N120,000, sai a tafi. In sun kai N350,000, a sayar a nan a huta. Ko an rubuta uwar kuɗin kwandon N20,000, ko N16,000, amsar ba ta canzawa. Illa dai in an tafi ɗin, to wajen rabon kuɗin tarayya ba N1,920,000 da aka samo za a yi amfani da ita ba, sai an zare N200,000 da aka kashe bayan mararraba, a yi rabo da N1,720,000. Wannan ita ce ƙa'ida ga duk kayan da sai an ƙara masa aiki kafin ya sayu.

Akwai wani abu da ake yawan rikitawa da wannan. In mutum biyu suka haɗa mota, ɗaya da buhunan albasa daga Aliero, ɗaya da attaruhu, kuɗin motar nasu ne tare, amma kayan ba tagwaye ba ne, domin kowa na iya tahowa ba tare da ɗan uwansa ba. A nan rabo bisa buhu ko bisa wurin da kaya ya cinye a mota ya wadatar, kuma direbobi da 'yan kamasho sun daɗe da daidaita shi. Tagwaye na ainihi su ne waɗanda ba ka samun ɗaya sai da ɗayan.

Babban misalinsu shi ne sa. A babbar mahautar da ke ƙauyen Amosun, cikin Ƙaramar Hukumar Akinyele ɗin dai, inda gwamnatin jihar ta umurci mahautan Ibadan su koma a 2018, dabba ɗaya ake kayarwa a tashi da tsoka da kayan ciki da kai da ƙafa da wutsiya da ƙirgi da ƙashi da ƙaho da jini, kowane da mai sayensa. Littattafan da aka rubuta a Turai da Amurka sukan sa kayan ciki da ƙafa cikin 'yan rakiya. Mahaucin da ya kwafi wannan a Badun ya yi kuskure, domin a nan tumbi da hanta da ƙafar sa kaya ne masu kasuwa. Ƙirgi kuwa labarinsa daban ne. Masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano suna sonsa, masu cin ganda, wadda Yarabawa ke kira ponmo, su ma suna sonsa, kuma tukunya ta sha kayar da majema a wajen tayi. Abin ya kai ga a 2022 shugaban cibiyar nazarin kimiyyar fata da ke Samaru, Zariya, ya fito ya ce suna neman a yi dokar hana cin ganda don a ceci sana'ar fata. Ko me mutum zai ce game da wannan shawara, ta nuna cewa ɗan rakiya na iya girma har ya fara taya uban tafiya biyan kuɗin sa.

Ba yau aka fara ba. Masu tace mai a Amurka a ƙarni na 19 kananzir suke nema, fetur kuwa kaya ne da ya dame su, sai da mota ta zo lissafi ya juye. A Shasha ma an ga irinsa a 2016, shekarar da tsutsar nan da jaridu suka laƙaba wa Ebolar tumatir ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina, farashi ya yi tashin gwauron zabo, magidanta da masu sayar da abinci da dama suka koma ga fasasshe. A irin wannan shekara, wanda ya ci gaba da ɗaukar esha a matsayin rarar da ake bar wa yaran shago, ya bar kuɗi mai yawa a hannun da ba ya dubawa. Ya kamata duk kaka a sake tambaya: wane ne tagwai, wane ne ɗan rakiya?

To, in rabon ba ya taimakawa wajen yanke shawarar sayarwa, me ya sa za a wahala a kansa? Saboda akwai wuraren da ba makawa sai an yi shi.

Na farko shi ne tsakanin abokan tarayya. A ce mutum biyu suka haɗa jari suka ɗauko motar nan, ɗaya yana da masu sayen mai kyau, ɗaya ya ɗauki matsakaici da esha, da sharaɗin kowa ya biya uwar kuɗin abin da ya ɗauka ya riƙe ribarsa. In aka bi ƙidayar kwanduna, na farko ya tashi da N1,800,000, na biyu ya koma gida da ramin N300,000. In aka bi darajar ciniki, na farko N1,080,000, na biyu N420,000. Tazarar N720,000 ce, ba don wani ya yi ha'inci ba, sai don ba a faɗi hanyar rabo ba kafin mota ta tashi. Irin wannan magana kan kai gaban shugabannin kasuwa, su kuwa ba su da abin kamawa in babu abin da aka ajiye tun farko. Layi ɗaya a takarda, ko kalma ɗaya a gaban shaidu biyu, ya isa.

Na biyu shi ne ƙimar kayan da ba a sayar ba. Ga kamfanoni, wannan doka ce. Nijeriya ta fara aiki da ƙa'idojin lissafin kuɗi na ƙasa da ƙasa a 2012, kuma ƙa'idar da ta shafi hajar da ke ajiye, wadda ake kira IAS 2, ta ce a raba kuɗin tarayya bisa hanya mai ma'ana wadda ba a sauya ta yau da gobe, ta kawo darajar ciniki a matsayin misali, ta kuma yarda a zare abin da ɗan rakiya zai kawo daga kuɗin babban kaya. Har ila yau ta hana a rubuta haja a kan adadin da ya wuce abin da za ta iya kawowa. Kamfanin matsar gyaɗa, ko na casar shinkafa, ko na gurzar auduga da ke fid da angurya, in ya ɗora wa kayan da ke cikin sito nauyi fiye da kima, ribarsa ta bana za ta kumbura a takarda, harajinsa ma haka.

Mai kwando a Shasha ba kamfani ba ne, amma shi ma ranar ƙimanta kaya ta taɓa riskarsa, ta hanya mafi muni. A ranar 12 ga Fabrairu, 2021, saɓanin da ya faro tsakanin wani ɗan dako da wata mai shago ya rikiɗe ya zama tarzoma, aka yi hasarar rayuka, aka ƙone rumfuna da gidaje da kaya. Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar, gwamnonin Kebbi da Kano da Neja da Zamfara suka zo jaje, sa'an nan aka sake buɗe ta kafin ƙarshen watan. Daga baya ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris, biyan diyya kuma yana cikin bukatunta. Rai ba shi da lissafi. Amma dukiya, duk mai neman diyya ko mai bayani ga mai kaya sai ya faɗi adadi. A misalinmu, kwando 50 na mai kyau N1,000,000 ne a hanya ta farko, N1,200,000 a ta biyu. Kwando 40 na esha kuwa, mai ƙidayar kwanduna zai rubuta N800,000 a kan kayan da ko ba a taɓa su ba N500,000 za su kawo. Mai tantancewa in ya kama irin wannan layi ɗaya, sai ya daina yarda da sauran takardar.

Wani abin lura shi ne, kason tagwaye ba koyaushe yake a ƙayyade ba. Akwatunan roba da ake ta tallatawa a maimakon kwandon gargajiya suna rage fashewa, domin nauyin na sama ba ya sauka a kan na ƙasa. A misalinmu, duk kwandon da ya tsira daga esha ya koma mai kyau ya ƙara N17,500. Da wannan adadi za a auna kuɗin hayar akwati da na mai da shi Arewa, ba da uwar kuɗin da aka raba ba.

Maganar mai da akwati ta kawo mu ga tagwayen da aka fi mantawa da su, watau zuwan mota da komawarta. Motar da ta sauke tumatir a Shasha dole ta koma, ko da kaya ko wayam, kuma man da ta sha da tayar da ta ci na tafiya biyun ne. Tun zamanin da Cohen ya yi rubutu, goro ne ke hawa yayin da shanu ke gangarowa. Yau akwai manja da katako da kayan masana'antun Ikko da na Badun. A tsakiyar kakar tumatir, lokacin da motocin Arewa suka yi yawa a Kudu suna neman lodin komawa, kuɗin hawa kan yi sauƙi, gangarowa ce ke ɗaukar mafi yawan nauyi. Mai motar da ya raba kuɗin tafiyarsa biyu daidai, ya ƙi lodin komawa don bai kai rabin ba, ya yi kuskuren mai esha: duk lodin da ya biya ƙarin mai da dako da kwanakin jira har ya bar saura, ya fi komawa wayam. Tun tashin farashin man dizil a 2022, kuɗin mota ya zama ɗaya daga cikin manyan layuka a lissafin mai kayan gwari, saboda haka kafin ya yi tayi a Kwanar Gafan, yana da kyau ya bincika ko akwai lodin goro ko na manja da ke jiran direban a Badun, domin wanda ke da lodi a hannu ya fi saurin sassautawa.